Hattara da Ɗigon Idon da Ke Kawar da Ja Cikin Kwana Biyu



Shugaban ƙungiya da mataimakansa, iyayenmu dattawa, malamanmu, iyayenmu mata da ke zaune can baya, 'yan'uwa 'yan kasuwa da matasanmu na Sabon Gari, barkanmu da wannan zama. An ba mu 'yan mintoci mu yi magana a kan lafiyar ido, alhali mu ba likitoci ba ne, kowa ya san rumfarmu. Abin da ya sa muka karɓi aikin shi ne, maganin da za mu yi magana a kansa haja ce, da kuɗi ake sayen sa a kan kanta, kuma wasu daga cikin masu sayar da shi suna zaune tare da mu a nan. Kafin mu tsaya gabanku sai da muka zauna da ma'aikatan ido muka yi tambaya, muka kuma sa yara suka karanta mana 'yar takardar da ke cikin kwalin maganin, wadda yawancin masu saye ke yarwa tun a ƙofar kemis.

To, ga maganar. Idan idon mutum ya yi ja, yana ƙaiƙayi ko yana kwantsa, a nan Keffi ba asibiti yake fara nufa ba, kemis yake zuwa. Ya ce a ba shi ɗigon ido, "mai ƙarfin nan". A miƙo masa 'yar kwalba. Ya ɗiga yau, ya ɗiga gobe, jibi ido ya yi fari tas, zafi ya kwanta. Shi ke nan, maganin ya yi suna a gidansa. Ragowar sai a ajiye a kan wardirob, ranar da idon uwargida ko na yaro ko na maƙwabci ya yi ja a ɗauko. Wannan 'yar kwalba ita muke so mu buɗe a gabanku yau.

Yawancin waɗannan masu saurin aiki ba magani ɗaya ba ne, haɗi ne na iri biyu cikin kwalba guda. Na farko antibayotik, wato mai kashe ƙwayoyin cutar da ake kira bakteriya. Na biyu shi ake kira sitiroyid. Shi wannan ba ya kashe ƙwayar cuta ko ɗaya. Aikinsa kwantar da kumburi da ja da zafi. Alal misali, Maxitrol yana ɗauke da neomycin da polymyxin B da dexamethasone. Tobradex kuwa tobramycin ne da dexamethasone. Betnesol-N shi ne betamethasone da neomycin. Akwai Sofradex, wanda ake ɗigawa a kunne da ido, shi ma da dexamethasone a cikinsa, akwai kuma masu haɗin chloramphenicol da dexamethasone da ke zuwa da sunaye barkatai. Mun faɗi sunayen yadda suke rubuce a jikin kwali ne domin wanda ya iya boko ya duba. Dabara mai sauƙi ita ce, a cikin jerin abin da aka haɗa maganin da shi, idan kuka ga kalmar da ta ƙare da "sone" ko "lone", kamar dexamethasone, betamethasone, hydrocortisone, prednisolone, to sitiroyid ne. Shi dexamethasone ɗin nan ai ba baƙo ba ne, shi ne ƙwayar da wasu 'yan mata ke sha wai don su yi ƙiba. Wannan wata magana ce ta wata rana.

Kada wani ya tashi daga nan ya ce mun ce maganin jabu ne ko guba ne. A'a. Magani ne na ƙwarai a hannun wanda ya san ido. Duk dattijon da aka yi wa aikin yanar ido a cikinmu, da wuya a ce ba a sallame shi da irin wannan ɗigo ba, domin bayan aiki ana bukatar abin da zai hana ƙwayar cuta shiga da abin da zai kwantar da kumburi. Akwai kuma kumburin cikin ido wanda idan ba a sa sitiroyid ba, shi kansa kumburin zai lalata gani. Bambancin kawai, likita ya leƙa idon da na'ura kafin ya rubuta, ya ƙayyade sau nawa a rana, ya ƙayyade ranar dainawa, ya kuma ce a dawo ya sake dubawa. A kemis babu ko ɗaya cikin waɗannan huɗun.

Me ya sa sai an leƙa? Domin jan ido ba ciwo ɗaya ba ne, alama ce kawai, kamar yadda zazzaɓi yake alama. Kuma ja da kumburin nan da muke gaggawar kawarwa, jiki ne yake yaƙi da abin da ya shigo masa. Sitiroyid kamar mutum ne da ya zo ya ce wa masu gadi su je su kwanta, ya kashe fitila. Idan babu ɓarawo, unguwa ta huta da hayaniya. Idan kuwa ɓarawo na ciki, to an sakar masa gida. Za ku ce ai ga antibayotik a ciki. Haka ne, amma shi bakteriya kaɗai ya sani. Ba ya taɓa bairas, ba ya taɓa ƙwayar cuta dangin funfuna, wadda likitoci ke kira fangas.

Mu ɗauki misalin kaka, tunda da yawa cikinmu muna taɓa noma ko muna shiga ƙauyuka sayen hatsi. Mutum yana girbin dawa ganye ya shaude shi a ido, ko mace tana shiƙar shinkafa ɓuntu ya faɗa mata. A gaban baƙin ido akwai wata fata garai-garai kamar gilashi, ta cikinta haske ke shiga. Ganyen nan ya ɗan karce ta, kuma jikin tsiro yakan ɗauko fangas. Idan aka ɗiga haɗin nan, kwana biyu na farko mutum zai ji daɗi, har ya yi wa mai kemis addu'a. A ƙarƙashi kuwa gyambo yana ci, yana faɗi, yana zurfi. Kafin a farga farin tabo ya bayyana a tsakiyar baƙin ido. Mai sa'a ya tsira da hakiya, marar sa'a gilashin ya huje, ruwan ido ya tsiyaye, wani ma sai an cire idon ɗungurungum. Wannan ba aikin shekara ba ne, cikin 'yan makonni ake yin sa. Haka yake ga bairas ɗin nan mai fito da ƙuraje a leɓe bayan zazzaɓi. Yakan shiga gilashin ido ya yi gyambo, kuma sitiroyid a gare shi kamar taki ne a gona. Masu walda da masu niƙa da ƙarfe ko tsaki ke faɗa wa, da amaren da ake manna wa ruwan tabarau mai launi a ido ranar biki, duk hukuncinsu ɗaya: ba a sa musu wannan magani sai an tabbatar gilashin idon bai karce ba. A asibiti abu ne na minti biyu. Wata 'yar takarda mai ruwan ɗorawa ake taɓa ido da ita, a haska shuɗiyar fitila, duk inda ya karce sai ya fito kore shar.

Wannan ɓarna mai sauri ke nan, kuma ita aƙalla tana da zafi, tana kora mutum asibiti ko da a makare. Wadda ta fi tayar mana da hankali ita ce marar zafi, wato abin da muke kira hawan jinin ido, likitoci su ce gilakoma. Sunan namu ma bai dace sosai ba, domin ba jini ne ke hawa ba, ruwa ne. Allah ya yi ido da wani ruwa a cikinsa, kullum ana yin sabo, tsohon yana fita ta wasu 'yan ƙananan magudanai. Muddin shiga da fita sun daidaita, ido lafiya. Ma'aunin da likitoci ke ɗauka daidai shi ne tsakanin 10 da 21. Sitiroyid idan aka daɗe ana ɗigawa yana cushe magudanan nan, kamar yadda leda ke toshe mana kwata da damina. Ruwa ya taru, matsi ya hau, ya riƙa danne jijiyar gani da ke bayan ido. Ita kuwa wannan jijiya, abin da ya mutu a cikinta ya mutu, ba ta tsirowa, babu aiki ko tabarau ko ƙasar waje da za ta dawo da shi. Kuma daga gefe take fara ci. Mutum yana karatu lafiya, yana ƙirga kuɗi lafiya, ido fari tas, ba ciwo, sai dai ya fara tuntuɓe, ya fara cin karo da ƙofa, ɗan acaɓa ya daina ganin motar da ta fito masa ta gefe. Ranar da ya ce bari in je asibiti, saura ɗan lungu kamar mai leƙe ta cikin kara.

Tun cikin shekarun 1960 wasu likitoci biyu a Amurka, Armaly da Becker, suka gwada wannan a kan mutane masu lafiyar ido. Suka ga cewa idan aka ɗiga sitiroyid mako 4 zuwa 6, wajen mutum 1 cikin 3 matsin idonsa yana hawa, kuma wajen 5 cikin 100 nasu yana hawa ƙwarai da gaske. Ba a gane su a fuska. Wanda kuwa yake da gilakoma tun asali, ko akwai ta a danginsa, ko yana da ciwon suga, da ƙananan yara, su ne kan gaba a haɗari. Kamfanonin da ke yin magungunan ba su ɓoye ba. A cikin takardar Tobradex da Maxitrol an rubuta cewa idan za a kai kwana 10 ana amfani da shi, wajibi ne a riƙa auna matsin ido. Jama'a, wane kemis ne a Sabon Gari yake da na'urar auna matsin ido?

Ga kuma abin da ya sa maganar ta fi shafar mu. Tsakanin 2005 da 2007 an yi babban binciken makanta a faɗin Nijeriya, aka duba mutum sama da 13,000 'yan shekara 40 zuwa sama. Aka samu kashi 4.2 cikin 100 makafi ne. Yanar ido ce ta farko wajen jawo makantar, da kashi 43 cikin 100, gilakoma ta biyu da kashi 16.7. Daga baya Dakta Fatima Kyari da abokan aikinta suka fitar da cewa wajen mutum 5 cikin 100 na masu waɗannan shekaru suna da gilakoma, kuma cikin masu ita, kusan mutum 1 cikin 20 ne kawai ya san yana da ita. Ba mu ce duk ɗigon ido ne ya jawo musu ba, yawanci gado ne da shekaru. Amma ku duba zauren nan. Idan mu 'yan sama da arba'in mun kai ɗari, to lissafi ya nuna akwai wajen mutum biyar da ke ɗauke da ita, kuma mai yiwuwa babu wanda ya sani a cikinsu. Irin wannan mutum ne zai sayi 'yar kwalbar nan don ƙurar hunturu ta sa idonsa ja.

Yanar ido ita ma tana biyo bayan doguwar ɗiga, har ga matashi. Ita dai da sauƙi, ana yin aiki a cire.

Yanzu mu zo kan Afolo, domin lokacinsa ne kasuwar wannan magani ta fi ci. Matasa ba su san asalin sunan ba. A 1969 ciwon ya fara ɓarkewa a Ankara ta ƙasar Gana, daidai lokacin da Amurka ta tura kumbon Apollo 11 duniyar wata, sai mutane suka ce ai su ne suka kwaso shi, suna ya bi shi har yau. Daga Gana ya bi gaɓar teku ya shigo Nijeriya, a 1981 kuma ya sake zagaya duniya. Bairas ne ke kawo shi, yana bin hannu da tawul da hankici da matashin kai da mazirarin kwalli. Yana da ban tsoro, ido ya kumbura ya yi jajir kamar jini ya kwanta, gida ɗaya mutum goma. Amma gaskiyar magana, Afolo da kansa yake warkewa cikin mako ɗaya zuwa biyu. Antibayotik ba ya kashe shi, sitiroyid kuma ba a bukatar sa ga yawancin mutane. Abin da yake so shi ne wanke hannu da sabulu, kowa da tawul ɗinsa, goge kwantsa da tsumma mai tsabta da ruwan da aka tafasa ya huce, a ɗora tsumma mai sanyi a kan ido, yaro ya zauna gida 'yan kwanaki. Ɓarnar Afolo mafi yawa daga abin da ake zubawa a ido take fitowa: ruwan suga, ruwan gishiri mai kauri, ruwan albasa, ruwan batir, har fitsari. Fitsarin mai ciwon sanyi kuwa yana iya huda ido cikin 'yan kwanaki. Wani haɗarin kuma, lokacin Afolo duk idon da ya yi ja sai a ce Afolo ne, har da na manomin nan da ganyen dawa ya karce.

Iyayenmu mata, wannan gaɓar taku ce. Akwai yaran nan, galibi maza, da idonsu ke yin ruwan ƙasa-ƙasa, kullum hannu a ido suna murza, ga wata kwantsa mai yauƙi kamar zare, abin ya tashi ya kwanta shekara da shekaru. Wannan ba ƙwayar cuta ba ce, jikinsu ne bai jitu da ƙura da ƙaiƙayin tsirrai ba, kuma yawanci yana barin su idan sun balaga. Babu ciwon da haɗin nan ke yi wa aiki kamar yankan wuƙa irin wannan, shi ya sa babu wanda ya fi su shiga tarko. An ɗiga ya lafa, an daina ya dawo, an sake saye. Mun san wani yaro a nan unguwar, ba za mu kama suna ba, wanda mahaifiyarsa ta yi kusan shekara biyu tana saya masa, don tausayi, da kuɗin sana'arta. Malamin makarantarsu ne ya lura yaron ba ya ganin gefen allo. Da aka auna, ido ɗaya ya riga ya tafi, ɗayan ake ta lallaɓawa da magani har yanzu. Ƙaiƙayin da aka yi wa maganin kuwa, da an bar shi ma da ba zai kai shi nan ba. Akwai ɗigon da ba su da sitiroyid da likita ke rubuta wa irin waɗannan yara, kamar sodium cromoglicate da olopatadine, idan kuma abin ya tsananta ya ba da sitiroyid na 'yan kwanaki yana aunawa. Sannan jaririn da bai kai wata ba idan idonsa ya kumbura yana fitar da mugunya, da yaron da ƙyanda ta kama ya kasa buɗe ido, waɗannan ba a kwana da su a gida, ba a ɗiga musu nono, ba a ɗiga musu ragowar maganin kowa.

Saura 'yan'uwanmu masu kemis. Mun san halin kasuwa. Idan ka hana mutum, shagon gaba zai je a ba shi, ka rasa ciniki, ka kuma sha sunan wanda bai san magani ba. Mun kuma san wanda ya ba da mai saurin aiki shi ake komawa wurinsa. Amma lasin da Hukumar Harhaɗa Magunguna ta Ƙasa ke bai wa mai ƙaramin kemis bai haɗa da wannan ba, magani ne da sai da takardar likita. Kuma ko babu hukuma, mu da muka zauna gaban malamai mun san hukuncin sayar da haja a ɓoye aibinta. Ribar kwalba ɗaya nawa take? A nan muke zaune, 'ya'yanmu suna auren juna, wanda ya makance mu ne za mu ja masa gora, kuma asusun ƙungiyar nan ne zai ɗauki iyalinsa. Idan masu kemis na Sabon Gari suka haɗa baki cewa ba takarda ba magani, to babu shagon gaba da za a gudu. Muna roƙon shugabanni su kira su zama na musamman a kan wannan.

Masu saye kuma hujjarsu ɗaya ce, asibiti layi, asibiti kati, wuni guda ba a buɗe rumfa ba. Gaskiya ne. Sai dai mu a Keffi ba mu da uzurin mutanen ƙauye. Ga Cibiyar Lafiya ta Tarayya a cikin gari tun shekarar 2000, da sashen ido. Abuja tafiyar kilomita 50 ce ko kusa da haka. Abin da ya gagara akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, akwai asibitin ido na ECWA a Kano wanda iyayenmu suka sani tun kafin a haife mu. Ba kowane jan ido ne ke bukatar wannan tafiya ba. Amma idan gani ya ragu ko ya yi hazo, ko ana jin ciwo mai zurfi ba ƙaiƙayi kawai ba, ko haske yana soka ido, ko an ga farin ɗigo a kan baƙin ido, ko wani abu ne ya bugi idon ko ya faɗa ciki, ko ido ɗaya ne kaɗai ya yi ja ya ƙi sauka bayan kwana uku, to ranar nan a rufe rumfa.

Wanda likita ya rubuta wa maganin, ya sha kuruminsa ya yi amfani da shi yadda aka ce. Ya wanke hannu, ya girgiza kwalbar idan mai kauri ce, ɗigo ɗaya ya isa, kada bakin kwalba ya taɓa ido ko gira. Ya rubuta ranar da ya buɗe a jikin kwali, bayan mako 4 ya yar da ragowar ko da ta kai rabi. Kada ya ba kowa aro, kuma kada ya koma kemis da tsohon kwali ya ce a ba shi irinsa. Ranar da aka ce ya dawo, ya koma, ko da ido ya yi fari.

Wanda kuwa yake zaune a nan yana jin mu, kuma ya san ya fi mako biyu yana ɗiga irin wannan a idonsa ko na ɗansa ba da takarda ba, kada ya firgita ya jefar da shi a daren yau, domin dainawa farat ɗaya bayan an daɗe takan sa kumburin ya dawo da ƙarfi. Ya ɗauki kwalbar da kwalinta cikin makon nan ya kai sashen ido, ya faɗi gaskiyar tsawon lokacin da ya yi yana sawa, ya nemi a auna masa matsin ido, su za su nuna masa yadda zai rage har ya bari. Mu da muka haura arba'in kuma, ko ba mu taɓa ɗiga komai ba, mu je a auna mu, musamman wanda aka taɓa samun makaho a gidansu. Sakatare zai zagayo da takarda bayan an tashi, mai son a tafi tare ya rubuta sunansa, domin mu nemi rana guda a karɓe mu gaba ɗaya.